Dalilin Da Malam Iro Ya Ajiye Makulli

Nassarawa G.R.A., Kano.

Zuwa ga autana Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne ya raba ɗakinka da nawa, kuma ko tari ka yi ina jiyowa. Allah Ya sanya albarka a aikin nan da ka samu a Abuja, Ya kai ka lafiya ranar Lahadi, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na zuciya.

Ummanku ta yi ta yi mini dariya da ta gan ni da biro da takarda. Wai mutum yana gida ɗaya da ɗansa ya zauna rubuta masa wasiƙa kamar zamanin gidan waya. Na ce mata akwai maganar da in na kalli idonka ba za ta fito ba, gara in zuba ta a takarda inda ba mai katse ni, ni ma ba zan samu ƙofar zillewa ba. Motar nan mai ruwan toka na ba ka ita, ban kuma fasa ba. Amma kafin ka karɓi makullinta akwai abin da ya kamata ka sani game da ni da ita, da kuma dalilin da ya sa Malam Iro, direbanmu na da, ya bar gidan nan shekara goma sha biyu da suka wuce. Mun gaya muku ciwon ido ne. Ba ciwon ido ba ne.

Abin da ya tayar da maganar shi ne Talatar nan da ka kai ni ta'aziyya Dakata. A Titin Haɗeja wata ƙaramar mota ta shigo gabanmu ba sigina. Kafin in ƙifta ido ka sauke gilas, ka miƙa hannu ka watsa masa daƙuwa, ka ce, "Jakin ina ne wannan?" Ka ɗauka ban kula ba ne. Wallahi na kula. Wannan kalma tawa ce. Har yadda ka ja ƙarshenta, har yadda ka karkata wuya, ni ne sak. Ban taɓa zaunar da kai na koya maka ita ba, ka tsince ta ne a kujerar baya kana riƙe da jakar makaranta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba wannan gudun na so ka gada ba.

Tun da na yi ritaya nake ta juya wata tambaya a raina, har yau ban gama da ita ba: me ke cikin mota da yake canza mutum? Kai shaida ne, ni ba mafaɗaci ba ne a ƙasa. A kasuwa an sha taka mini ƙafa, mutum ya ce yi haƙuri, in ce ba komai, har mu ɓuge da tambayar iyali. A masallaci a tsallake kafaɗata a shige sahun gaba, ko a jikina. Amma da zarar na rufe ƙofar mota, wanda ya shiga gabana da taku biyu sai in ji kamar gadon gidanmu ya cinye. Na yi tunanin ko zafin rana ne, sai na tuna ina da na'urar sanyaya mota, kuma masu tafiya a ƙasa da suka fi ni shan ranar ba sa zagin kowa. Na yi tunanin ko sauri ne, sai na ga ranar da ba ni da wurin zuwa ma haka nake yi.

Abin da na fi karkata gare shi yanzu shi ne maganar sallama. Ka lura, mu mutane ne da ba ma fara komai sai da gaisuwa. Ko bashin gishiri za ka karɓa a maƙwabta sai ka tambayi kwana da gajiya. A titi ne kaɗai muke haɗuwa da ɗaruruwan mutane, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya yi wa wani sallama. Ba ka ga fuska ba, bamba ka gani da lamba. To wanda ba ka gaisa da shi ba, ba ka jin nauyinsa. Ban ce wannan ce amsar duka ba, amma ka gwada wani abu in ka je can: duk wanda ya ɓata maka rai a hanya, ka nemi fuskarsa kafin ka buɗe baki. Sau da yawa za ka tarar sa'an ubanka ne, ko wata baiwar Allah da ta tsorata fiye da kai.

Malamai sun koya mana cewa in fushi ya zo wa mutum yana tsaye ya zauna, in yana zaune ya kishingiɗa. Na taɓa tambayar limaminmu cikin raha, to mai tuƙi fa, shi da fushin ya riske shi a zaune, kwanciya kuma ba ta yiwuwa a kan sitiyari? Ya yi dariya ya ce ai gefen titi ba a kulle yake ba, in faka in sha ruwa. Na yi dariya ni ma, amma sai da na yi shekaru kafin na gwada ko sau ɗaya.

Bari in fara da ƙaramin kuskurena, wanda a ƙofar gidan nan yake. Ka san al'adar unguwar nan: mutum ya taho tun daga kan kwana ya fara danna hon, don kafin ya iso maigadi ya wangale ƙofa. Ban san wanda ya ƙirƙiro wannan ba, na dai tarar maƙwabta suna yi na bi sahu. Wata rana da la'asar na dawo daga ofis, na danna, shiru. Na sake dannawa. Na ɗora hannu a kai na ƙi ɗagawa, har karen gidan da ke kallonmu ya kama haushi. Da Malam Sale maigadi ya buɗe, na sauke gilas na zazzage masa kwandon faɗa. Ya matsa gefe ya ba ni hanya. Sai da na shigo na hango dardumarsa a shimfiɗe a gindin darbejiya, takalmansa a gefe, carbinsa a yashe. Salla yake yi. Daga baya na tambaye shi ko ya idar, ya ce ya dai yi sauri. Ka ji, na sa bawan Allah ya gaggauta ganawa da Ubangijinsa saboda ni ba zan iya jiran minti biyu a kan kujera mai laushi ba.

Na daɗe ina mamakin abin da nake sauri in tarar a cikin gidan. Ba kowa ke jirana ba sai tuwo, shi ma a rufe yake a kwano. Don haka in Allah Ya hore maka gida mai ƙofa da mai buɗe ta, hon ɗaya ya isa. In ba a buɗe ba, ƙafafunka ba aro ka yi ba, sauka ka tura da kanka. Na lura cewa wanda ya fito daga gida da hon, da hon yake yini.

Na biyun kuwa har yau in Ummanku tana son ta kunyata ni a gaban baƙi shi take ɗaukowa. Da damina ne, mun je suna Ƙaura Goje, ni ke tuƙi. Ruwa ya cinye rabin wani layi, saura wata 'yar siririyar hanya da mota ɗaya ce kawai za ta bi. Na shiga daga wannan bakin, wani mutum ya shigo daga wancan, muka haɗu a tsakiya hanci da hanci. A lissafina ni na riga shiga. A lissafinsa shi ya riga. Na yi masa fitila, ya yi mini. Na yi masa nuni da hannu ya koma, ya yi mini irinsa. Sai na kashe mota na harɗe hannu, shi ma ya kashe tasa, har da ɗauko jarida. Ummanku ta ce, "Alhaji, taku goma ne fa in ka ja baya." Na ce mata ba maganar taku ba ce. Ta tambaye ni to maganar mece ce, sai na ƙara ɗaure fuska.

Muna nan aka kira la'asar a wani ɗan masallaci da ke bakin layin. Na fito, ya fito. Buta ɗaya muka yi alwala da ita, shi ya miƙo mini bayan ya gama. Muka tsaya a sahu ɗaya, kafaɗarsa tana gugar tawa, ƙafarsa a jikin tawa. Aka sallame, muka yi musafaha, har ya tambaye ni ya ruwa na ce ruwa ya yi gyara. Sannan kowa ya koma motarsa ya zauna, muka ci gaba daga inda muka tsaya. Mutanen layin suka taru suna kallon ikon Allah. Can dai ya gaji, ya leƙo ya ce, "To Alhaji, ka ci," ya ja da baya. Na wuce ta gabansa ina jiran in ji daɗin nasara, ban ji komai ba sai kunya. Muka isa gidan suna an riga an kwashe tabarmi.

Wannan abu ya fi komai ɗaure mini kai. Mutumin da na yarda in haɗa kafaɗa da shi a gaban Allah, na kasa ja masa baya taku goma a gaban mutane. Ina mutumin masallacin ya tafi da na kama sitiyari? Shawarata a nan gajeriya ce: ka koyi giyar baya kamar yadda ka koyi ta gaba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A garin da za ka, ba ka san kowa ba, ba ka san abin da wani ya ajiye a ƙarƙashin kujerarsa ba, kuma ba lallai a kira sallar da za ta raba ku ba.

Yanzu sai maganar Malam Iro, wadda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso gare ta.

Shekara goma sha bakwai ya yi yana tuƙa ni. Mutumin ƙauyen Ringim ne, amma a Kawaji yake zaune da iyalinsa. Shi ya kai ku makaranta dukanku, kuma kai ka fi kowa manne masa. Ka tuna yadda yake ɗora ka a cinya a tsakar gida ka riƙe sitiyari kana ƙugi da baki? Yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi a lokacin. Duk wanda ya zage shi a hanya, ko shi ke da gaskiya, sai ya ɗaga masa hannu ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce Allah Ya huci zuciyarka. Duk wanda ya kutso kai, sai ya taka birki ya bar shi. Ni kuwa ina baya ina tuƙi da baki: shiga, matse shi, kada ka ba shi. In na dame shi sai ya ce, "Alhaji, in mun ba shi ma hanyar ba ta ƙarewa." Na sha gaya wa abokaina cewa direbana mutumin kirki ne amma ya cika sanyi.

Ranar wata Litinin da safe muka fito, ina da taro a ofis, na kuma makara saboda laifin kaina. A shataletalen da ke kan hanyar Bompai cunkoso ya haɗu, kowa yana cusa hancin motarsa. Sai wani mai adaidaita sahu ya kurɗo ta damarmu, na ji ƙiiii a jikin ƙofar da nake zaune. Ban jira Malam Iro ya gama tsayawa ba na ɓalle murfi na fito. Ƙarzanen bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Mai adaidaitan ba yaro ba ne, magidanci ne da furfura a gemu. Ya sauko, ya rusuna, yana cewa in yi wa Allah in yi haƙuri, sauri yake yi. Kalmar saurin nan ita ta ƙara tunzura ni, kamar shi kaɗai ne mai wurin zuwa a Kano.

Ka san abin da masu manyan motoci suke yi wa irinsu a garin nan, ka kuma sha gani: a zare makulli. Ba duka, ba zuwa wurin hukuma, ka dai cire masa makulli ka bar shi a tsakiyar titi ya bi ka da roƙo. Na sha ganin ana yi ina cewa maganinsu ke nan. Na zura hannu na murɗe makullin na zare, injin ya mutu. Na koma mota na ce wa Malam Iro mu tafi, in yana son makullinsa ya same ni a ofis.

Ya ja motar, amma muna fita daga shataletalen ya gangara gefe ya kashe ta. Bai juyo ba, ta madubi ya kalle ni, ya ce, "Alhaji, ka ga abin da ke bayan labulen adaidaitan nan kuwa?"

Nazifi, na gani. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Ummanku, ita ma jiya. Lokacin da na sunkuya zan zare makullin, labulen ya ɗan yaye. Na ga bokiti da tabarma a naɗe da filas ɗin ruwan zafi, kayan da duk ɗan Kano ya san na masu zuwa jinya asibiti ne. Na ga wata mata ta rungumo wani a cinyarta, na ga tafin ƙafafun tsoho sun leƙo waje, fari fat, ba takalmi. Idona ya gani sarai, amma fushi ya karɓa ya ajiye a gefe kamar takardar da ba ta gaggawa ba. Har yau ina mamakin yadda mutum zai ga abu kuma ya ƙi ganinsa a lokaci ɗaya. Na ce wa Malam Iro ba ruwana da abin da ke ciki, ya tayar da mota.

Sai ya zare makullin motata, ya juyo, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai miƙa goro. Ya ce, "Ga naka, ranka ya daɗe. A ba ni nasa."

A shekara goma sha bakwai bai taɓa musa mini ba. Da ina da hankali a ranar, da wannan kaɗai ya farkar da ni. Maimakon haka sai na ji wai direbana ne zai koya mini mutunci. Na fizge makullina, na sauke gilas, na wurga na mai adaidaitan tsakiyar kwalta. Na ce in yana so ya je ya ɗauka.

Ya buɗe ƙofa ya fita. Dattijo mai kusan shekara sittin ya ratsa cikin motoci yana ɗaga musu hannun nan nasa, ana yi masa hon ta ko'ina, ya sunkuya ya tsinci makullin, ya goge shi a jikin rigarsa. Ina kallonsa ta madubi ya koma shataletalen da sassarfa. Na ga ya miƙa, na ga ya matsa ya zauna a gefen mai adaidaitan a gaba, suka tayar suka yi hanyar asibiti. Na zauna a kujerar baya ni kaɗai, a motar da ba direba, ina jiran ya dawo ya ba ni haƙuri. Da na gaji da jira na zagaya na tuƙa kaina. Taron da nake ta hanƙoro a kai ma an ɗage shi, don shugaban bai zo ba.

Washegari ya zo a ƙafa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya shiga ya gaida Ummanku, ya ce mata idonsa ya fara yi masa hazo, yana tsoron ya ɗauki 'ya'yan mutane a mota, don haka zai huta. Ya ɗauki butarsa da dardumarsa a ɗakin maigadi ya tafi. Ka gane? Maganar ciwon idon ba ni na ƙirƙire ta ba, shi ya kawo ta don ya rufa mini asiri a gaban iyalina. Ni kuma na karɓa na yafa, na yi shekara goma sha biyu a ciki. Ranar da ka dawo daga makaranta kana kuka kana tambayar ina Malam Iro, da bakina na ce maka ido ne, har da cewa mu yi masa addu'a.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na yi watanni ina gaya wa kaina cewa shi ya yi mini rashin kunya. Da wannan ya daina ci, sai na koma cewa ai abin ya wuce, tayar da shi ba amfani. Ya zo ɗaurin auren yayyenka duka biyu, ya tsaya a bayan taro, muka yi musafaha a gurguje ina kallon wani wajen. Ummanku tana aika masa da kayan azumi duk shekara, ni kuwa ko sau ɗaya ban taka Kawaji ba. Jiya da la'asar na zaunar da ita na ba ta labarin nan duka. Ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da maganar idon ba, mutumin da yake zura mata zare a allura in ta kasa. Ta ce jira take in gaji da ɗaukar kayan in sauke da kaina.

Ga abin da ya hana ni zuwa, in gaya maka gaskiya. Ba girman kai ba ne kaɗai, tsoro ne. Tsakanin zare makullin nan da mayar da shi bai fi minti goma ba. Ban san wane ne tsohon ba. Ban san ko matar nan 'yarsa ce ko matarsa ba. Ban san ko sun isa a kan lokaci ba, ban san ko minti goman nan sun yi wani abu ko ba su yi ba. Na san rai da ajali a hannun Allah suke, amma na kuma san hannun da ya zare makullin nawa ne. Wani lokaci in ce ƙila zazzaɓi ne kawai, an ba shi magani ya koma gida ya ga jikokinsa. Wani lokaci tafin ƙafafun nan su dawo mini ina tsakiyar cin abinci in ajiye cokali. Mutum ɗaya ne a duniya na sani da ya bi su har ƙofar asibiti, ya san amsar. Yana nan Kawaji, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba daga gidan nan, na kuma kasa zuwa in tambaye shi.

Ka sha tambayata me ya sa duk gyaran da ake yi wa motar nan ban taɓa bari a shafe ɗan ƙarzanen da ke ƙofar baya ta dama ba. Nakan ce maka mai fenti ne ya manta. Bai manta ba, ni nake hana shi. Yanzu motar taka ce, in ka ga dama ka shafe, ba zan ce komai ba. Amma da za ka bi ta tawa, da ka bar shi, ka riƙa kallonsa kafin ka shiga.

Ba zan ce maka kada ka yi fushi a hanya ba, don zai zo, jininka ne, kuma masu tuƙin ganganci ba za su ƙare ba. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka taɓa hukunta mutum a kan titi da hannunka. Kada ka zare makullin kowa, kada ka tare gaban kowa, kada ka bi kowa don ka rama. Ba ka san abin da ke bayan labulensa ba, in kuma ka gani, ka yarda da idonka. Sannan in Allah Ya haɗa ka da wanda yake ƙasa da kai amma ya iya ce maka a'a saboda gaskiya, ka riƙe shi da hannu biyu. Ni na samu guda ɗaya a rayuwata, na jefar da shi tare da makullin nan.

Saura buƙata ɗaya, ita ce ainihin dalilin takardar. Ummanku ta ji daga matarsa cewa yanzu idon Malam Iro ya tafi da gaske, sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci, jikin kuma ya yi rauni. Ba na son in ji labarinsa daga bakin mai sanarwa. Ranar Asabar da hantsi, kafin ka ɗaure kayanka, ina so ka kai ni Kawaji. Zan nemi gafararsa a gabanka, tunda a gabanka na ci amanar gaskiyarsa. Sannan zan tambaye shi abin da ya faru da tsohon nan. Ban san me zai ce ba. Ko me ya faɗa, ina so ka ji da kunnenka kafin ka kama hanyar Abuja da motar nan.

Kai za ka tuƙa. Ni a gaba zan zauna kusa da kai, na gama da kujerar baya. In wani ya kutso mana a hanya ka ji bakina ya suɓuce na ce kada ka ba shi, to ka taka birki ka ba shi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sanyaya zuciyarka fiye da yadda Ya sanyaya tawa a shekarunka. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga cutar da wani, Ya kare wani daga cutar da kai. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. In ka karanta ba sai ka zo ka ce mini komai ba. Makullin yana kan teburin falo, in na ga babu shi ranar Asabar da safe, na san ka amsa.

Wassalam.

Naka,
Mahaifinka.